Ɗan jaki a cikin kwano: abubuwan mamaki game da burito na kaza

Ranar da na fara haɗa shi a gida, goggona ta leƙa kwanon, ta ɗan tona shi da cokali, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai garau-garau ce ta je birni ta dawo da kwalliya." Na ce, "Goggo, burito ake ce masa, cimar mutanen Meziko ce da Amurka." Ta ce, "Ko ta ina ce, miƙo min yaji."

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Shinkafa ce a ƙasa, wake a gefe, gasasshiyar kaza yanka-yanka, ƙwayar masara, tumatir da albasa, fiya, ɗan ganye, sai a matse lemon tsami a kai. Iyakar abin ke nan. Sai dai in mutum ya bi kayan da ke cikin kwanon nan ɗaya bayan ɗaya, zai tarar rabinsu sunan aro suke amsawa.

Jakin da ba ya ciki

A Sifaniyanci "burro" jaki ne, "burrito" kuwa ɗan ƙaramin jaki. Hankalinku ya kwanta, babu naman jaki a ciki. Masu ba da labari sun ce wani mai talla ne, Juan Méndez, a garin Ciudad Juárez da ke kan iyakar Meziko da Amurka, yake yawo da abinci a kan jakinsa a zamanin juyin juya halin ƙasar, wanda ya ɓarke a 1910. Wai yakan naɗe abincin a cikin faffaɗar totiya, wato burodinsu siriri mai kama da na shawarma, don kada ya huce, sai mutane suka riƙa cewa a sayo musu na mai jaki. Labarin da daɗi, amma ƙamus ya ƙaryata shi. Kalmar tana cikin ƙamus ɗin kalmomin Meziko da Feliz Ramos i Duarte ya fitar a 1895, shekara 15 kafin a harba harsashin farko na juyin. Wasu kuma suka ce naɗin ne ya yi kama da kayan da ake labta wa jaki. Ni a nan na fi karkata, don duk wanda ya taɓa ganin jaki da mangala cike taf, ya kuma ga ƙaton burito a faranti, zai ga kamar.

To shi kwanon fa?

Naɗin nan shi ne burito. A kwano kuwa naɗin aka cire, aka zazzage cikin, aka ci gaba da kiran sunan. Kamar a juye cikin shawarma a faranti, a ajiye burodin, a ce maka ga shawarma. Wasu shagunan Amurka ba su ɓoye ba, burito tsirara suke ce masa.

A kudancin Meziko ma baƙo ne

Wanda ya sauka a kudancin Meziko yana neman burito zai sha yawo. Abincin arewacin ƙasar ne, jihohi irin su Chihuahua da Sonora, inda ake noman alkama. Nasu na can siriri ne, abu ɗaya ko biyu ake sa masa, nama ko wake, kuma ba a cusa masa shinkafa. Ƙaton nan mai shinkafa da wake da nama da cuku, wanda sai an ɗaure shi da takardar alminiyam don kada ya fashe, a unguwar Mission ta birnin San Faransisko aka haife shi, cikin shekarun 1960. Shaguna biyu ne kowanne ke cewa shi ya fara: El Faro ya ce 1961, La Cumbre ya ce 1969. Har yau ba a raba gardamar ba.

Matan Sonora suna da wata totiya da ake kira "sobaquera", ma'ana ta hammata. Faɗinta ne ya ja mata sunan: ana jefa ƙullin daga hannu zuwa hannu, yana miƙewa, har ya kai daga yatsu zuwa hammata, siriri kamar mayafi.

Shagon da aka buɗe don a tara jari

A 1993 wani matashin kuku, Steve Ells, ya karɓi rancen dala 85,000 daga mahaifinsa ya buɗe ɗan shagon burito a Denver. Ba burito ne burinsa ba. So yake ya tara kuɗi ya buɗe gidan abinci na alfarma, irin wanda ake shiga da kwat. Sun yi lissafi da uban cewa in ya sayar da guda 107 a rana ya fita. Kafin wata ya zagayo yana sayar da fiye da 1,000 a rana. Shagon nan shi ne Chipotle, wanda yanzu rassansa sun haura 3,000, kuma yana cikin waɗanda suka yayata cin burito a kwano. McDonald's ma ya taɓa zuba jari a ciki daga 1998 zuwa 2006, sannan ya janye.

Shi kansa sunan Chipotle daga harshen Nahuatl na Aztek, mutanen Meziko na dā, ya fito, ma'anarsa barkonon da aka busar da hayaƙi. Bandar barkono ke nan. Ana barin barkonon jalapeño ya nuna ya yi ja, a yi masa kwanaki a kan hayaƙi kamar yadda ake bandar kifi. Shi ke ba kazar burito ƙamshin gashin itace ko da a kasko aka yi ta. Jalapeño kuma sunan gari ya ara, Xalapa, babban birnin jihar Veracruz.

Har gaban alƙali

A 2006 aka kai burito kotu a jihar Massachusetts. Wani shagon burodi, Panera, ya kama haya a wata kasuwa bisa sharaɗin ba za a ba wani mai sayar da sanwici wuri a nan ba. Sai ga Qdoba, masu burito, za su shigo. Panera ya ce an karya sharaɗi. Alƙali ya buɗe ƙamus, ya ji ta bakin masana girki, ya yanke cewa sanwici yanka biyu ne na burodi, burito kuwa totiya ɗaya ce, don haka ba sanwici ba ne. Hukumar harajin jihar Niyok kuwa a cikin sanwici take lissafa shi, don ta karɓi nata. A 2024 wani alƙali a jihar Indiana ya ce shi a wurinsa burito sanwici ne irin na Meziko. Ƙasa ɗaya, abinci ɗaya.

Tumatir ya riga shi shiga kotu. A 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta zauna a kan ko tumatir 'ya'yan itace ne ko kayan lambu, saboda ana biyan kuɗin fito a kan kayan lambu, 'ya'yan itace kuwa kyauta suke shiga. Masana tsirrai sun ce ɗan itace ne. Kotu ta ce tunda da abinci ake cin sa ba bayan abinci ba, kayan lambu ne, a biya.

Sama jannati

Burodi ba ya zuwa sararin samaniya, saboda ɓurɓushinsa yana yawo a iska ya shiga ido da na'urori. A 1985 ɗan sama jannatin farko na Meziko, Rodolfo Neri Vela, ya tafi da totiya. Abokan tafiyarsa suka ga ba ta ɓurɓushi. Tun daga nan ta zama burodin hukumar NASA.

A nan doron ƙasa kuwa, burito mafi girma da aka taɓa naɗewa: a garin La Paz na Meziko, a 2010, tsawonsa kilomita 2.4, nauyinsa ya kusa tan 6. Kifi aka sa masa, ba kaza ba.

Rabin kwanon baƙi ne

A tambayi Ba'aztek na shekara 600 da suka wuce ya duba kwanon nan. Zai gane wake, masara, tumatir, barkono da fiya, don nasu ne. Shinkafa, kaza, lemon tsami, albasar da muka sani, tafarnuwa, cuku da alkamar totiya kuwa bai taɓa ganin su ba. Duk jiragen Sifaniyawa ne suka kai su bayan 1492. Tsuntsun da suke kiwo don nama talotalo ne. Ita kaza asalinta wata tsuntsuwar daji ce mai jan gashi ta kudu maso gabashin Asiya, wadda har gobe tana nan a dazukan can.

Mu ma nan akwai namu sunan aron. Masara da muke kira da sunan Masar, ba a Masar aka fara ta ba. Mai yiwuwa ta wannan hanyar ta iso mana, amma mahaifarta kwarin kogin Balsas ne a kudancin Meziko, inda kimanin shekara 9,000 da suka wuce manoma suka fara gyara wata ciyawa mai suna teosinte, mai 'yan ƙwayoyi ƙalilan masu taurin tsiya. Tumatir kuwa bai canza suna sosai ba. Aztek "tomatl" suke cewa.

Wani abin da Turawa suka bari a baya lokacin da suka kwashi masara shi ne yadda ake dafa ta. Mutanen Meziko da toka ko farar ƙasa suke dafa ta kafin su niƙa, abin da ke sakin sinadarin niyasin da ke ƙulle a cikinta. Waɗanda suka ɗauki masarar suka bar tokar, suka kuma mayar da ita abincin safe da dare, sun gamu da cutar felagira mai ɓata fata da taɓa hankali. A kudancin Amurka kaɗai ta kashe kimanin mutum 100,000 a farkon ƙarni na 20.

Wake iri biyu

Baƙin waken da ake sa wa burito da waken da muke zubawa a garau-garau 'yan dangi ne na nesa. Nasu ɗan nahiyar Amurka ne. Namu ɗan Afirka ne, kuma Najeriya ce kan gaba a nomansa a duniya, Nijar na bi mata. Na gwada duka biyun a kwanon, kuma in ban da launi, namu bai gaza ba.

Haɗa shinkafa da wake hikima ce da al'ummu da yawa suka gano ba tare da sun yi shawara ba. Furotin ɗin shinkafa yana da ƙarancin wani tubali da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi. Wake ya gaza a wani, metiyonin, shinkafa ta cike. Kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. A Gana abincin nan "waakye" ake ce masa, kuma sunan daga bakin Hausawa ya fito: shinkafa da wake ce aka taƙaice. Jan launinta kuwa na karan dafi ne.

Hattara da jan waken nan mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna. Ɗanyensa yana da dafi, ƙwaya 4 ko 5 sun isa su sa mutum amai da gudawa. Abin mamakin, wanda aka dafa sama-sama a ƙaramar wuta ya fi ɗanyen illa. Sai an jiƙa shi, an zubar da ruwan, ya yi aƙalla minti 10 yana tafasa sosai, sannan a rage wuta. Na gwangwani dafaffe ne, matsalarsa gishiri, kuma tace shi da ɗauraye shi yana rage kusan kashi 40 cikin 100 na gishirin.

Akwai kuma waken da mutanen Meziko suke kira "frijoles refritos". Masu Turanci sun fassara shi da waken da aka soya sau biyu. Sau ɗaya ake soya shi, ma'anar ita ce ya soyu sosai.

Kajin da suka tona asirin farar shinkafa

Wannan shi ne labarin da na fi so, don kaza da shinkafa ne a cikinsa, kamar kwanon namu. Cikin shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana Batabiya, wato Jakarta ta yanzu, yana neman ƙwayar cutar da ke haddasa beriberi, ciwon da ke kashe ƙafafu ya raunana zuciya. Sai kajin da ake ajiyewa don gwaji suka fara tangaɗi suna faɗuwa, sak masu ciwon. Bayan wasu watanni kuma, ba magani ba komai, suka miƙe. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa a watannin ciwon, ragowar farar shinkafar asibitin soja ake ba su. Da aka yi sabon kuku, sai ya ƙi, ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba. Aka koma ba su mai arha wadda ba a goge ba, suka warke.

Ashe ba ƙwayar cuta ba ce. Abin da ke kare jiki yana cikin dusar da injin ke gogewa don shinkafa ta yi fari, shi ne bitamin B1. Eijkman ya karɓi kyautar Nobel a 1929. Kukun kuwa ko sunansa ba a cika ji ba.

Shi ya sa masu son kwanon ya zama na lafiya suke sa shinkafa mai ruwan ƙasa, wadda ba a goge ba. Amma ga wani abu da ya kamata mu yi alfahari da shi: shinkafar da ake turarawa da ƙaiƙayinta kafin a casa, irin gumin da mata ke yi a ƙauyukanmu, tururin yana tura wani kaso na bitamin ɗin cikin ƙwayar, ta yadda ko an goge ba ya tafiya duka. 'Yar Hausa da ake rainawa saboda tsakuwa ta fi fara tas ɗin nan amfani a jiki. A dai tsince.

Kazar ta ninka huɗu

Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin nama na 1957 da na 2005 a wuri ɗaya, da abinci ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905. Ta 2005 ta kai 4,202. Zaɓen iri ne ya yi wannan aikin, ana ta haɗa masu saurin girma da masu faɗin ƙirji. Irin wannan ce ta dace da burito, don minti kaɗan take so a wuta. Kazar Hausa ta fi ta ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma in aka yi mata gashin minti goma sai haƙori ya yi ƙara. Ita sai dai a dafa ta ta yi laushi, a zare tsokar, a ɗan juya a kasko da kayan ƙamshi.

Kaza ba ta jin yaji

Duk barkonon da za a zuba wa kaza mai rai, ita ko a jikinta. Sinadarin da ke ƙona mana baki, kafsaisin, yana kama wata kafa ce a jijiyoyinmu wadda aikinta jin zafin wuta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki ya kama. Ta tsuntsaye ba ta amsa masa. Ribar barkono ke nan: tsuntsu ya haɗiye, ya tashi, ya kasayar da irin a wani wuri lafiya lau. A Amurka har barkono ake barbaɗa wa abincin tsuntsaye don kurege ya bar musu. David Julius, wanda ya gano wannan kafar ta hanyar amfani da barkono, ya samu rabon kyautar Nobel a 2021.

Ma'aunin yaji kuma wani mai haɗa magani ne, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro shi a 1912, ta hanyar tsarma ruwan barkono da ruwan sukari har sai masu ɗanɗana sun daina jin zafi. Jalapeño yana tsakanin 2,500 da 8,000. Dangin attaruhu suna tsakanin 100,000 da 350,000. Da na san wannan lissafin tun farko da ban yi abin da na yi ba. Na ga an rubuta jalapeño biyu, ban samu ba, na yanka attaruhu biyu ɗanye shar a cikin tumatir da albasa. Ƙanena ya kai loma ɗaya, ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, laifin me na yi miki?" Ya shanye ruwa kofi biyu a banza, don kafsaisin ba ya narkewa a ruwa. Kindirmo ne ya cece shi. Rubu'in attaruhu ya isa, kuma a kankare farin jijiyar da ke ciki, don a nan yajin yake taruwa, ba a 'ya'yan ba kamar yadda ake zato.

Bakin zakara

Wannan haɗin na ɗanyen tumatir da albasa da barkono da lemon tsami "pico de gallo" ake ce masa, wato bakin zakara. Babu zakara a ciki. Wasu na kiransa miyar tuta, saboda ja da fari da kore, launukan tutar Meziko.

Fiyar ɗan gidan waya

Mafi yawan fiyar da ke yawo a kasuwannin duniya, mai baƙar fata mai gurje-gurje, daga bishiya ɗaya tak ta fito. Wani mai raba wasiƙu a Kalifoniya, Rudolph Hass, ya shuka ta a 1926, ya yi mata rajista a 1935. Duk wata bishiyar Hass da ke duniya reshenta ne aka yi wa aure da wani kututture. Uwar ta rayu har 2002, ruɓewar saiwa ta kashe ta.

Fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai an tsinke ta. Manomi na iya barin ta a sama watanni, bishiyar ta zame masa rumbu. In kana sauri, sa ta a takarda ɗaya da ayaba. Batun barin ƙwallon a cikin dakakkiyar fiya don kada ta yi baƙi kuwa camfi ne, wurin da ƙwallon ya rufe kaɗai ke tsira. Iska ce ke baƙanta ta, don haka a matsa lemon tsami a rufe ruf.

Sannan kada a watsa wa kaji ɓawonta ko ganyenta. Akwai wani sinadari a ciki, fasin, da ba ya yi wa mutum komai amma yana iya kashe tsuntsaye, yana kuma cutar da dawaki da awaki. Kaza da fiya ba sa haɗuwa lafiya sai a kwano.

Ganyen sabulu

Ganyen koriyanda, wanda Larabawa ke kira kuzbara, shi ake yankawa a cikin shinkafar. Wasu na jin ƙamshi, wasu kuwa su rantse sabulu aka sa musu. Ba iyayi ba ne. Wani bincike na 2012 ya danganta abin da wata ƙwayar gado mai suna OR6A2, wadda ke sa hanci ya kama wasu sinadarai da ke cikin ganyen, irin waɗanda ake samu a sabulu. Shi ma koriyandan ba ɗan Meziko ba ne: an tarar da 'ya'yansa a kabarin Fir'auna Tutankhamun. Wanda bai so, ya sa ganyen albasa.

"Na lafiya" ma suna ne

Cire totiya yana rage nauyi, gaskiya ne. Babbar totiyar Chipotle ita kaɗai kalori 320 ce. Amma a 2015 jaridar New York Times ta duba dubban odar da mutane suka yi a shagon, ta tarar matsakaiciyar oda ta kai kalori 1,070, fiye da rabin abin da babban mutum ke buƙata a yini, gishirinta kuwa kusan na yini guda cur. Mutum ya ajiye totiya, ya ji ya yi abin kirki, sai ya rama da cuku da kirim da shinkafa ludayi biyu. An gudu ba a tsira ba.

Amfanin yin sa a gida shi ne ludayin yana hannunka. Rabin kwanon ya zama ganye da tumatir da tattasai, rubu'i kaza, rubu'i shinkafa da wake. Giram 100 na gasasshen ƙirjin kaza marar fata yana ba da furotin kusan giram 31 a kalori 165. Cokalin mai guda, na zaitun ne ko na gyaɗa, kalori 120 ne, don haka a auna, kada a tuttula. Fiya mai ce mai kyau, amma mai ce, rubu'i ko rabi ya wadatar. Kindirmo ya maye gurbin kirim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da muke marmasawa a komai yana cikin lissafin. Lemon tsami yana rage kewar gishiri, sannan bitamin C ɗinsa yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake.

Sai dai lemon nan yana da iyaka. Na taɓa jiƙa kazar a ruwansa tun dare, wai don ya ratsa. Da safe na tarar ta yi fari fat kamar an dafa, da aka gasa kuma sai ta zama wani abu mai gari-gari a baki. Tsami yana warware tsokar nama. Rabin awa zuwa awa biyu ya isa: ruwan lemo biyu, tafarnuwa, garin barkono, kumin, mai cokali ɗaya, ɗan gishiri, ga kaza rabin kilo. A bar kasko ya yi zafi har ɗigon ruwa ya yi tsalle a kai, a shimfiɗa naman, a ƙyale shi. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin juyawa, a daure. In gefen ya fara fari, ƙasan ya yi ja ya saki kaskon da kansa, sannan a juya. Bayan an sauke a ba shi minti biyar kafin a sa wuƙa, in ba haka ba romon duk a kan katako zai ƙare.

Launi ba ya nuna kaza ta dahu, abin da ake nema cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Hukumomin abinci na Birtaniya da Amurka har cewa suke kada a wanke ɗanyar kaza, don feshin ruwan na kai ƙwayoyin cuta rabin mita ko fiye. Da kazar kanti suke, wadda ta zo a gyare cikin leda. Mu da muke yankawa mu fige da hannunmu dole mu wanke, sai dai a yi nesa da tumatir da latas ɗin da za a ci ɗanye, a kuma raba musu wuƙa da katako.

Ɗumame

Masu yin burito a kwano suna son dafa na kwana uku ko huɗu su jera a firji. A nan shinkafa ta fi kaza haɗari, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da tafasa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi, sai ta farka ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya karya dafin. Shawarar hukumar lafiya ta Birtaniya ita ce a huce da ita cikin awa ɗaya, a sa a firji, a cinye kafin kwana guda. Ga wanda firjinsa ke jiran a kawo wuta, gara ya dafa daidai ci.

Goggo dai ba ta bar abin da za a ɗumama ba. Da ta ci rabi, sai ta aiki yaro ya sayo mata gurasa a bakin titi, ta yaga ta biyu, ta kwashe sauran kazar da waken da fiyar ta zuba a tsakiya, ta naɗe da hannu biyu. Na ce, "Goggo, ai kin mayar da jakin." Ta ce, "Wane jaki kuma? Ƙaro min lemon nan."